Gyalen Goggo Asabe a Bakin Filasha

Duk wanda ya san Kawu Sale mai hoto ya san shi da kunna filashar kyamara da tsakar rana. Rana na ƙwalla kamar za ta fasa kai, shi kuwa sai ka ga wal! Shi ya sa 'yan Kasuwar Muda Lawal suka laƙaba masa Walƙiyar Rani. In an tsokane shi amsarsa ɗaya ce: "Rana goshi take haskawa. Ido kuwa aikina ne."

Gaskiyarsa, don hula da ɗankwali kan jefa inuwa a fuska, hoto ya fito ido kamar rami. Matsalar dai filashar tasa ta cika ƙarfi, mutum ya fito fari fat kamar an watsa masa gari. Sai Kawu ya ɗauko sukundireba wai zai rage mata kuzari. An ce masa wuta na maƙalewa a ciki ko an cire batir, ya ce shi ya sayi abarsa. Ta kuwa ja shi, ta yar da shi daga kan benci. Da ya tashi ya karkaɗe riga ya ce gaisawa suka yi.

Daga nan ya koma rufe bakinta da farin ƙyalle, ya ɗaure da kyauro, ninki ɗaya in mutum na nesa, biyu in yana kusa. Ba wanda ya tambayi inda ya samo ƙyallen sai ranar da matarsa, Goggo Asabe, ta warware gyalenta za ta biki ta tarar da taga a tsakiya. Wallahi har maƙwabta sun ji muryarta.

"Haba Asabe," in ji Kawu, "fuskar rabin Bauchi ta bi ta gyalen nan. Wace mace ta taɓa samun wannan ɗaukaka?"

Gyale biyu ya saya kafin ya sake cin tuwo da zafinsa.

Ni dai abin da ya yi mana a Inkil ba zan manta ba. Mahaifina makiyayi ne, bai taɓa yarda an ɗauke shi hoto ba. Shekarar da ciwo ya fara cin ƙarfinsa, ina da cikin fari, na roƙi Kawu ya zo, don ina tsoron ɗana ya tashi bai san fuskar kakansa ba. Da ƙyar Baba ya yarda, amma da sharaɗi: ba zai cire malfarsa ba, ba zai bar shanunsa ya shiga inuwa ba, kuma sau ɗaya tak. Malfar nan kuwa faɗinta ya kai faifai, daga hanci zuwa sama duhu ne.

Kawu ya ce ya ɗan ɗaga ta. Baba ya ce ai ba malfar Kawu ba ce. Suka yi ta ja kamar yara. Can Kawu ya durƙusa a cikin kashin shanu da farar rigarsa, ya warware ninki ɗaya na gyalen Goggo, ya auna daga ƙasa. Wal!

Bijimin Baba bai san da zancen ba. Ya sunkuyar da kai ya yo kansa. Kawu, da tsufansa, ya ɗaga kyamara sama ya zura da gudu yana ihu, "Ku kama fim! Ni a bar ni!" Baba ya yi dariyar da rabonsa da ita tun kafin ciwo.

Da aka wanke fim ɗin, ga Baba a ƙarƙashin malfarsa, idanunsa biyu tar, har da 'yar harara irin tasa. Baba bai ga ƙarshen daminar wannan shekarar ba.

Yanzu ɗana ya girma. Duk baƙon da ya shigo ɗakina a Gwallameji sai ya dubi hoton, ya dubi yaron, ya ce idon kakansa ya ɗauko. Ba don taurin kan Kawu ba, da ba wanda zai iya faɗin haka, kuma ina gode masa har gobe.

Allah ya jiƙan Kawu Sale, ya haɗa shi da Baba a Aljanna. Yadda ya haska mana fuskar mahaifinmu, Allah ka haskaka kabarinsa.