Dakta Awadiyya Sabitu da Jinin Mutanen Mayo

Haihuwa da Karatu

An haifi Dakta Awadiyya Sabitu a birnin Omdurman a shekarar 1968. Mahaifinta, Malam Sabitu, baduku ne wanda kakansa ya taso daga ƙasar Katsina da niyyar aikin hajji, guzuri ya yanke masa a bakin kogin Nilu, ya yi zamansa a can. Sunan mahaifiyarta Nana Bakhita.

Ta kammala karatun likitanci a Khartoum a 1994. A shekarar 1997 mahaifinta ya yi fama da ciwon ƙirji, aka ce ƙwannafi ne, aka sallame shi daga wani ƙaramin asibiti, bai kai magariba ba. Wannan rashi ne ya karkatar da ita zuwa fannin zuciya.

Aure da Bincike

A 1999 ta auri Abdulmun'im, injiniya a wata masana'anta a Bahri da ke arewacin Khartoum, Allah ya albarkace su da 'ya'ya uku.

A 2014 ta fara binciken da ta sadaukar wa sauran rayuwarta, wato neman gwajin jini mai sauƙi wanda zai nuna toshewar jijiyar zuciya tun a ƙaramin asibitin unguwa, kafin lokaci ya ƙure. Aikin yana buƙatar jinin marasa lafiya da yawa, a daskarar da shi, a ajiye. Mutanen Mayo, wata unguwa a kudancin Khartoum inda ta je neman jinin, suka ƙi fur, domin a wurinsu jini ɓangaren ɗan Adam ne, ba a zubar da shi a juji. Sai da ta dafa Alƙur'ani a gaban dattawansu, ta yi alkawarin cewa duk jinin da aka gama aiki da shi za a binne shi da mutunci, sannan suka miƙa hannu. Shekara tara tana tarawa, har abokan aiki suna tsokanarta cewa ta fi tausayin firij a kan mijinta.

Yaƙi

A watan Afrilu na 2023, saura ƙiris a kammala, yaƙi ya ɓarke, wuta ta ɗauke. Ta kwashe kwalaben jinin daga ɗakin bincikenta a Khartoum cikin akwatunan ƙanƙara, ta haye kogi da su zuwa gidanta a Omdurman kafin gadoji su gagara. Mijinta ya fita da yara zuwa Masar, ita kuwa ta ƙi binsu, ta zauna tana ciyar da janareta da man da ta samu. Ta fi kowa sanin cewa sanyin firij na gida ba zai riƙe jinin ba, amma zuciya ta ƙi karɓar abin da ilimi ya faɗa mata.

A watan Yuni mai ya ƙare, jinin ya lalace. Ta haƙa rami a tsakar gidanta, ta naɗe kwalaben da farin ƙyalle, ta binne. Babu wanda zai ƙara tara irinsa, domin da yawa daga masu jinin sun mutu, saura sun watse. Abin baƙin ciki, alkawarin binne jinin shi ne iyakar abin da ta iya cikawa.

Rasuwa

Ta rasu a watan Oktoba na 2023 bayan zazzaɓin da ba a samu maganinsa ba. Hanyar maƙabarta ba ta biyuwa, don haka maƙwabta huɗu suka sallace ta, suka binne ta a tsakar gidan, dab da wancan rami. Ta bar mijinta da 'ya'ya uku: Mahir, Hadil da Wafa. Har yau babu ɗayansu da ya ga kabarinta. Allah ya jiƙanta.