Agogon Yayana da Man Kaɗen Mma

Shekarun baya, a shekarar da aka sauke tutar Bature ƙasar nan ta dawo hannun masu ita, ina ɗinki a zauren gidanmu a unguwar Sabonjida. Ni da matata da mahaifiyata muke zaune. Abu biyu aka san ni da su a unguwa: keken ɗinki, da wani gwangwanin biskit da nake tara agogunan hannu a ciki. Kada wani ya zaci na masu hali ne. Wanda direban lori ya gaji da shi, wanda gilashinsa ya tsage, wanda ya sha ruwan damina, irinsu nake bi ina saye da araha. Wani ma riga nake ɗinka masa ya bar min nasa. Matata takan ce, “Mazan mutane na tara awaki, nawa mijin gawarwaki yake tarawa.”

Abin dariyar shi ne na daɗe ina ɗaura agogo ban iya karanta shi ba. In mutum ya tare ni a hanyar kasuwa ya ce, “Tela, ƙarfe nawa?” sai in miƙa masa hannu in ce, “Duba da idonka, kada ka ce na cuce ka.” Rannan na miƙa wa wani tsoho, ya leƙa, ya ɗago ya ce, “Ɗana, ai da na iya da ban tambaye ka ba.” Muka tsaya mu biyu a bakin titi muna kallon agogo, shi kuma yana ta tafiyarsa bai kula mu ba. A makon nan na kai kaina makarantar manya da ake yi bayan la'asar a ƙarƙashin mangwaro, aka ba ni ɗan allon Bature da alli, na zauna da gemuna ina koyon ɗaya da biyu.

Amma akwai agogo guda a gidanmu da bai taɓa shiga gwangwanin nan ba. Na yayana ne. Ya tafi yaƙin Bama, wanda Turawa suka kwashi samarinmu zuwa ƙetare, yana saurayi, bai dawo ba. Wanda ya kawo mana agogon, ƙulle a cikin hankici, abokinsa ne da suka yi soja tare, mutumin unguwar Changli, wanda daga baya ya zama abokina. A soja ya koyi gyaran agogo, da ya dawo ya kafa ɗan teburinsa kusa da tashar mota. Shi ya sa min wannan ciwo na son agogo. Shi ya ba ni hantsakina na farko, da ɗan sukudireba siriri kamar allura, da gilashin ido ɗaya da ake maƙalawa a ga abin da ya yi ƙanƙanta. Da su nake buɗe bayan agogunana, in goge ƙura da gashin kaza, in ɗiga mai da bakin allura. Iyakacin ilimina ke nan. Ban taɓa warware agogo ɗungurungum ba.

Mahaifiyata, wadda muke kira Mma, ba ta ɗaura agogon. A ƙarƙashin matashinta yake kwana. Kullum bayan asuba in na shiga gaishe ta, sai ta miƙo min shi in murza ɗan kunnensa, ta karɓa ta kara a kunnenta, ta saurara, sannan ta jawo kwanon kokonta. Ba ta taɓa tambayata ƙarfe nawa ba. Ba abin da take nema a cikinsa ke nan ba.

To, da bikin samun mulkin kai ya matso, kowa a garin nan yana son sabuwar riga, yadi ya ƙare a kasuwa, sai na hau lori zuwa Kumasi in saro. Kafin in tafi na lura agogon ya fara kasala, yana tafiya yana tsayawa kamar tsohon jaki, na ce in na dawo zan duba shi. Na nuna wa matata yadda za ta murza shi, na kama hanya.

Da na dawo, tun daga ƙofar gida na san da magana. Mma tana zaune a tabarmarta, tuwon da aka kai mata ya yi sanyi ba ta taɓa ba.

“Mma, na same ku lafiya?”

“Lafiya, Auta. Ya hanya?” Sai ta sunkuyar da kai ta ce, “Ya yi shiru.”

Ba ta ce wa ba, ni ma ban tambaya ba. Ta ciro shi daga gefen zaninta ta sa min a hannu. Na murza, na girgiza, na kara a kunne. Ko motsi. Sai dai wani ƙamshi da na sani tun ina goye.

A madafa matata ta ba ni labari da ƙaramar murya. Bayan tafiyata agogon ya tsaya cak, ta murza ya ƙi. Mma ta kwana tana juyi. Da gari ya waye ta ɗauko 'yar wuƙar da take yanka kuɓewa, ta ɓalle bayansa yadda take ganin ina yi wa nawa. Matata ta ce mata, “Mma, ga man keke can a zaure in mai za ki sa.” Ta ce a'a, wannan warin ƙarfe yake yi, ɗanta ba keke ba ne. Ta gutsuro man kaɗenta mai kyau, wanda ake kawo mata daga ƙauye, ta narka a cokali a bakin murhu, ta yi bisimilla ta tsiyaya masa har ya ƙoshi.

“Ke kuma kina ina?” na ce.

“Ina tsaye. Kai ka taɓa hana Mma abin da ta yi niyya?”

Ban taɓa ba.

Da safe na tafi tasha wajen abokina. Ya ɓalle bayan agogon, ya maƙala gilashi a ido, ya leƙa. Man ya daskare fari fat, ya rufe komai kamar kitse a kan romon jiya. Ya kai hanci ya sansana, sai ya tuntsire da dariya har 'yan kamasho suka waigo.

“Ɗan'uwa, wa ya yi wa agogon nan wankan jego?” Kafin in amsa ya ce, da Hausarsa ta tasha wadda ba ta raba mace da namiji, “Mma ne ya yi wannan aiki. Wallahi Mma ne. Saura a ɗaura masa laya a goya shi.”

Muka yi dariya tare. Sai ya juya agogon ya ga fuskarsa da kyau, ya ga tsohon maɗaurin fatar, dariyar ta ɗauke. Ya ajiye shi a hankali a kan teburi.

Ya ce hanya mai sauƙi ita ce a cire cikin gaba ɗaya, a ɗauko na wani irinsa daga gwangwanina a sa. Fuska ɗaya, fata ɗaya, wa zai sani? Na ce bari in gani tukuna. Da na koma gida na zaɓi wanda ya fi kowanne lafiya a cikin nawa, na kai wa Mma, na ce ta riƙe wannan kafin a gyara wancan. Ta karɓa don kada ta kunyata ni. Washegari da na shiga gaisuwa ta miƙo min shi da yatsa biyu.

“Ɗauki abinka. Wannan gaggawa gare shi kamar ɗan Kumasi. Bai bar ni na runtsa ba.”

Nan na san maganar canjin ciki ta mutu. Ni duk agogo tik-tik yake ce min. Ita shekara da shekaru murya ɗaya take saurara.

Na koma wa abokina na ce to, sai dai ya warware shi ya wanke. Ya jujjuya hantsaki a hannu.

“Ɗan'uwa, kawo min agogon kowa a garin nan in buɗe,” in ji shi. “Ban da wannan. Ni na kwance shi daga hannun yayanka. Ba zan iya sa masa ƙarfe ba. Kai za ka yi, ni in zauna kusa.”

Ranar Lahadi, da hantsi, ya zo gidanmu da kwalbar fetur da ya roƙa wajen wani direba, da 'yar kwalbar man agogo na ainihi. Muka ture yadin mutane gefe, muka share teburin yanka. Matata ta kulle kaji, don abokina ya rantse ya taɓa ganin zakara ya haɗiye sukurun agogo. Muka fara shanya shi a rana har man ya narke ya tsiyaye. Daga nan aka zo wurin da nake tsoro.

Ko da na cire sukuru na farko na ga ƙanƙantarsa, sai na dakata. Cirewa ba wuya, mayarwa fa? Yaya zan tuna wanne ya riga wanne? Sai idona ya kai kan allona na makaranta, jingine a bango. Na ɗauko shi na ja layuka da alli, na yi 'yan ɗakuna, na rubuta lamba a kowane ɗaki. Abin da na fara cirewa ya shiga ɗakin ɗaya, na bayansa ɗakin biyu, haka har allon ya cika.

Abokina ya leƙo ya ce, “Iye, ɗan makaranta! Wannan bakwai ce ko sandar makiyayi?”

“Ni dai na gane ta,” na ce. “Ka yi min shiru.”

Ya juya kujerarsa rabi yana kallon ƙofa, amma bakinsa bai huta ba. “A hankali da wannan tayar mai haƙora. Kada ka yi numfashi a kai. Siririyar wayar nan mai kamar gashi, ita ce ransa, in ka lanƙwasa ta mu je mu yi ta'aziyya.” Ina tsoma kowanne a fetur, in goge da gashin kaza, in bi ramukan da tsinken ashana da na fiƙe. Ni da nake zura zare a allura ido rufe, ranar nan zufa har cikin kunnena. Wani ɗan sukuru ya yi tsalle daga bakin hantsaki, muka rarrafa mu biyu, manya da mu, muka share zauren kaf ba mu gan shi ba. Sai na buɗe gwangwanina na kwance irinsa daga jikin ɗan Kumasin nan da Mma ta kora. Na kira matata na ce ta zo ta ga amfanin gawarwaki.

Mun tashi mun yi azahar mun dawo, sannan na fara mayarwa, daga lamba ta ƙarshe ina komawa baya. La'asar ta yi sanyi lokacin da na ɗora tayar ƙarshe. Na murza kunnen. Ba abin da ya faru. Abokina ya ce, “Ɗan hura masa.” Na hura. Sai wayar nan mai kamar gashi ta motsa, ta buɗe ta rufe, ta buɗe ta rufe, ba ta tsaya ba. Abokina ya tashi ya fita waje, ya ce hayaƙin fetur ne ya shiga masa ido.

Na shiga ɗakin Mma na durƙusa na miƙa mata. Ta kara a kunne ta rufe ido. Na ji kamar an shekara. Sannan ta gyaɗa kai.

“Shi ne,” ta ce.

Na yi niyyar in ce mata ƙura ce ta tsayar da shi, amma ta riga ni.

“Na san ni na toshe masa numfashi, Auta, ba sai ka ɓoye min ba. Yana ƙarami in zazzaɓi ya kama shi, man nan nake shafa masa ya yi barci. Da ya kwanta a can, ba wanda ya shafa masa komai.”

Ina kallon agogon a hannunta, sai na lura da maɗaurin fatar, ya bushe ya tsattsage, saura kaɗan ya katse. Duk shekarun nan hankalina na kan ƙarfen, ban taɓa duba fatar ba.

“Mma,” na ce, “ai ba ki yi kuskuren magani ba, wurin ne kika kuskure. Dubi fatar nan. Man keke ba ya yi mata komai, naki take so. Mu raba aiki: ciki nawa, fata taki.”

Ta duba, ta shafa da babban yatsa. “Ka bar yaro ya yi kaushi haka,” ta ce. “Miƙo min kaskon man can.” Daga nan ta ce a ɗumamo mata tuwo.

Tun daga ranar, kowace Juma'a kafin mu tafi masallaci, sai ta lakato man kaɗe ta murza wa fatar nan har ta yi laushi tana sheƙi, ni kuma in tsaya a kanta ina gadin bayan agogon, tana ce min in matsa, ita ba yarinya ba ce. Haka muka yi har Allah ya karɓi abarsa.

Yanzu na iya karanta agogo, har mutane na kawo min nasu in warware ba tare da allo ba. Gwangwanin ya zama biyu, matata ta gaji ta daina magana. Amma abin da na koya a ranar nan ba a makaranta na same shi ba: in tsoho ya yi ɓarna don ƙauna, kada ka ƙwace aikin daga hannunsa, nemo masa inda hannun zai yi amfani. Agogon yana ƙarƙashin matashina. Da asuba nakan murza shi in kara a kunne, ban duba ƙarfe nawa ba. Ran Juma'a kuma ni ke shafa wa fatar mai, ko da yake har yau ba ta yi laushin da take yi a hannun Mma ba.