Ɗakin da Yaya Ya Jera Mani

Inna, uwar da ta haife ni, ita ce mai jere ta unguwarmu a Kankara. Ko ɗiyar wa za a kai ɗakin miji, sai an aiko mata. Ta iya ɗora kwano kan kwano tun daga ƙasa har su kusa taɓa rufi, manyan fanteka a gindi, samira a tsakiya, tasoshi masu ƙyalli a sama, ko yaro ya yi karo da su ba su motsi. Kuma Allah Ya yi mata baki. In ta shiga ɗakin da uwar amarya ta yi ƙwauro, ba ta zagi, sai dai ta dubi bango ta ce, "Ma sha Allah, ɗakin akwai iska." Kafin la'asar magana ta zaga gari.

Nawa kwanukan kuwa tun ina goye take tara su. Ni kaɗai ce ɗiyarta mace. Duk ranar kasuwa in ta sayar da man gyaɗa sai ta aika a sayo ɗaya, ta goge, ta tura ƙarƙashin gado. Kowa ya san ranar aurena Inna za ta nuna wa matan Kankara yadda ake yi.

Sai Yaya ya dawo daga ƙasar Danmak ta Turawa.

Shekarun da kuɗin mai ya shigo ƙasa ke nan, gwamnati ta rasa inda za ta kai shi, duk wanda ya iya riƙe biro sai a ɗora shi a jirgi. Yaya, babban wanmu, an tura shi can ya koyo kiwon shanu da sarrafa madara. Mu da Fulani ke kawo mana nono har ƙofar gida. Ya dawo da gemu, da rigar sanyi, da wani sabon ciwo: ba ya son ganin kaya. Ya shiga ɗaki ya ga tarkace sai ya dafe goshi. Ya ce a can mutane sun waye, mai kuɗi ɗakinsa fayau yake, kujera ɗaya, tebur ɗaya, fitila ɗaya. Ya zo da mujallu yana nuna wa Baba hoton wani Bature mai tabarau da ke zana kujeru, wai har sarauniyarsu ta san shi.

Baba ya ce, "Kafinta ne?"

Yaya ya ce, "Ba kafinta ba ne, Baba. Shi tunanin kujerar yake yi, wasu su sassaƙa."

Baba ya jinjina kai. Tun da ɗansa ya hau jirgin sama bai ƙara musa mashi komai ba. Da aka sa ranar aurena da wani malamin firamare na garin Sabuwa, wanda ni na ce ina so, Yaya ya ce kayan ɗakin ƙanwarsa a bar mashi, ya riga ya yi oda, suna kan ruwa. Kwanuka kuwa kada a kai ko ɗaya, za su ɓata tsarin. Baba ya ce an bar mashi.

Mutum ɗaya ce za ta iya taka wa Yaya birki, ita kuma ba ta da baki a kansa. Shi ne ɗan farinta. Inna irin matan da ne masu kunyar ɗan fari ta gaske: ba ta faɗin sunansa, ba ta haɗa ido da shi, ba ta taɓa yi mashi magana kai tsaye ba tun da ta haife shi. Kakarmu ce ta raine shi. In ya shigo gaishe ta, sai ta juya wa murhu fuska ta amsa wa tukunya. Da labari ya iso mata, sai ta aike ni. "Je ki ce wa wancan yaron, ɗakin mace ba ofis ba ne." Na je na faɗa. Ya yi dariya ya ce in ce mata ta kwantar da hankalinta, za ta yi alfahari. Ta kai ƙara wurin Baba, Baba ya ce mata zamani ne. Rannan Yaya ya tsaya a tsakar gida ya yi bayani mai tsawo a kan hasken ɗaki da lafiyar ido, Inna tana tankaɗe ta ba shi baya. Da ya gama ya ji shiru, sai ya ce mani, "Kin gani, ta gane."

Ni ma ban tsira ba, don gaskiya hotunan mujallar sun burge ni. Na ɗauka Sabuwa za ta girgiza.

Uwa ba ta zuwa jeren ɗiyarta, don haka Inna tana gida aka loda akwatunan katako a mota. Gwaggo, ƙanwar Baba, ita ta jagoranci mata, ita kuma ta ba ni labarin abin da ban gani ba. A Faskari direba ya tsaya shan ruwa, mutane suka kewaye motar suna tambaya ko injin niƙa ne. Da suka isa Sabuwa, Yaya ya naɗe hannun riga ya shiga ɗakin amarya da abin awo a hannu. Namiji da gemunsa yana jere. Gwaggo ta ce ita dai ta zauna a bakin ƙofa tana salati.

Abin da ya fito daga akwatunan shi ne: gado na farin katako, ba rumfa, ba madubi, ba ko fenti. Kujera guda mai siraran ƙafafu kamar ɗan akuyar da bai ƙoshi ba. Wani allo da aka kafa a bango aka ɗora mashi fararen farantai da ba su kai yatsun hannu biyu ba, ko ɗigon fure babu a jikinsu. Wata fitila mai kama da albasa da aka rataya a tsakiyar ɗaki, alhali Sabuwa ko sandar lantarki ba a kafa ba. Sai wani tsuntsu na icce, da hoto cikin gilashi, zanen ganye ɗaya tilo a tsakiyar farar takarda. Yaya ya ce matar da ta zana shi ta yi suna a ƙasashe uku. Gwaggo ta ce Allah Ya ba ta lafiya ta ƙarasa.

Aka kawo ni, na zauna a bakin gadon nan cikin lulluɓi. Da safe matan gari suka fara shigowa ganin ɗaki. Ina jin tafiyarsu da guɗa tun daga zaure, suna isowa ƙofa sai guɗar ta mutu. Wata ta tambaya a hankali ko motar kayan ba ta iso ba. Gwaggo ta ce ta iso. Wata tsohuwa ta shafa gadon ta ce katakon dai mai kyau ne, in an samu hali a shafa mashi fenti. Na so ƙasa ta tsage in shige.

Da dariya suka yi mana da ya fi sauƙi. Surukata mace ce mai tausayi, Allah Ya jiƙanta, tausayin nan nata kuwa shi ya kashe mu. Ta tara matan a tsakar gida, ina ji tana cewa, "Yarinyar nan ɗiyar mutunci ce. Kowa da yadda Allah Ya yi da shi. Kada wadda ta fita da maganar nan." Suka watse. Jim kaɗan sai ga su suna dawowa ɗaya bayan ɗaya, kowace da abu a ƙarƙashin mayafi. Wannan kwano, wannan tasa, wannan langa mai ɗan tsatsa a gindi, wata ma murfi kawai ta samu. Suka jera mani su a jikin bango, murfin wani a kan wani, suka ja kujerar Yaya suka ɗora mata tulu. Kowace in ta ajiye sai ta dafa kaina ta ce in yi haƙuri, uwata ta yi iyakar ƙoƙarinta. Ni kuma dole in ce na gode.

Yaya ya leƙo da yamma zai yi mani sallama, ya ga bango, ya dafe goshi. Ya ce wa mijina mutanenmu sai a hankali.

Maganar da aka ce kada ta fita ta riga Gwaggo isa Kankara. Cewa aka yi mai jere ta kai ɗiyarta ɗaki wayam, sai da dangin miji suka yi mata karo-karo. Matan da Inna ta taɓa yi wa dariya suka yi ta sallama suna mata jaje, da murya mai sanyi, suna tambaya me ya sa ba ta faɗa masu tana cikin matsi ba. Ta fito da kwanukan daga ƙarƙashin gado ta nuna masu. Suka ce ma sha Allah, ashe an samu daga baya. Ta aika mani da su Sabuwa, amma ɗakin amarya sau ɗaya ake ganinsa. Bikin da aka yi a unguwa bayan nawa, wata aka kira jere.

Ina gida ranar da na zo ganin gida na farko, Yaya ya shigo da fara'arsa. Ya durƙusa daga nesa ya gaida Inna yadda ya saba, yana jiran ta amsa wa tukunya. Sai ta ajiye muciya ta juyo. Ta dube shi ido cikin ido, ta kira shi da sunansa na yanka. Ban taɓa jin sunan nan a bakinta ba, shi ma haka. Na ga fuskarsa ta yi haske kamar ta ƙaramin yaro, har ya ɗan matso.

Ta ce, "Su mutanen can da ka je, ba su da uwaye ne?"

Ta juya ta ɗauki muciyarta ta ci gaba da tuƙi. Ya daɗe a durƙushe a wurin yana jira ko za ta ƙara wata kalma, ba ta ƙara ba, har ta bar duniya.