Aron Kaza Mai Kwanci

Ni tela ne, amma a unguwarmu cikin garin Daura an fi sanina da kaji fiye da ɗinki, kuma ko a jikina. Riga kowa zai iya ɗinka ta in ya daɗe gaban keke. Amma a nemo mini namijin da zai hangi kaza daga nesa ya ce gobe za ta fara kwanci. Abokan hirata na ƙofar shago sun sha yi mini tsiya, wai kiwon kaji aikin mata ne, namiji rago yake ɗaurewa ko sa. Nakan ce musu Allah ya ba da sa'a, na ci gaba da taka kekena.

Kajin nan ba na sayarwa ba ne. Durgu ne, irin masu gajerun ƙafafun nan da in suna tafiya sai ka ce ciki suke ja a ƙasa. Asalinsu na Inna ne, mahaifiyarmu. Da Allah ya yi mata rasuwa aka zo rabon 'yan kayanta, ni dai kaji uku na kamo na sa a kwando, kuma daga su ne gidana ya cika.

Durgu ba ta tsallake katanga, ba ta yawon banza, in ta hau ƙwai kuwa sai ta ga abin da ya fito. Sai dai tana son kula. Kowace safiya kafin na buɗe shago nakan share akurki, in duba kashinsu, don ciwon kaza a kashi yake fara nunawa. In dama musu dusa, in watsa tsakin gero, in jefa ɓawon maɗaci a kaskon ruwansu. Tokar murhu kuwa maiɗakina ta san ba a zubar mini da ita a bola, a gindin katanga ake tarawa su yi birgima a ciki, ita ce maganin ƙwarƙwatarsu.

Duk da haka, a sanyin wata shekara ciwon kaji ya shigo unguwa bai bar gidan kowa ba. Sai ka ga kaza tsaye tana gyangyaɗi, ta saki fukafukai, kashi ya koma fari da kore, washegari wuya ya murɗe. Na yi bakin ƙoƙarina, na ware masu ciwo, na bi sauran da maganin da ake ɗiga musu a ido. Da abin ya lafa, kaza ɗaya tak ta rage mini, wata mai launin wake-wake, mai tsiwa. Ko zakara ban tsira da shi ba.

Da damina ta faɗi, zakaran maƙwabta ya riƙa hawa katangata yana leƙe. Dogo ne kamar zalɓe, ban so shi ba, amma ba ni da zaɓi. Wake-wake ta yi ƙwai tara a bayan randa, ta hau kai. Na san ba duka za su ɗauko uwa ba, wasu ƙafar uban za su yi. Ni dai addu'ata a samu mace durgu ko da guda ce, don kada irin kajin Inna ya ƙare a hannuna.

Kaza mai kwanci sau ɗaya take sauka a yini. Da hantsi za ta fito a kumbure tana masifa, ta ci, ta sha, ta yi birgima a gurguje ta koma. Saura 'yan kwanaki ta ƙyanƙyashe aka kwana ana ruwa, gari ya waye shinge, garar nan mai fiffike, ya fito a lungu yana tashi. Ɗan garuwa ya shigo da ruwa ya bar ƙofa a buɗe. Kazar da ba ta taɓa leƙa waje ba ta bi shinge, wani mai babur ya zo a guje ya bi ta kanta. Maƙwabcina ya yi maza ya sa mata wuƙa kafin ta zama mushe, ya kawo mini ita shago riƙe da ƙafafu. Na ce ya kai gidansa su ci, ni ba zan iya ba.

Na ruga gida na sa hannu a bayan randa. Ƙwan na da ɗumi, amma garin a lumshe yake, ana iska mai sanyi. Na kwaso ƙyallayen shago na shimfiɗa a ƙwarya, na jera su, na rufe, na cusa ƙwaryar cikin babbar riga na manna ta da cikina.

"Malam, ina kuma za ka da wannan?" in ji maiɗakina.

"Aron kaza za mu. Ɗauko mayafinki."

Ai kaji a hannun mata suke, ni kuwa ba zan kutsa gidan mutane ba. Ita ke shiga, ni in tsaya a zaure rungume da ciki. Abin da na manta shi ne damina lokacin ƙwan zabi ne. Zabuwa ba ta da haƙurin kwanci, don haka da zarar kaza ta nuna alama ake cika ƙarƙashinta da ƙwan zabi har wasu na leƙowa ta gefe. Gida bayan gida amsar ɗaya ce, akwai mai kwanci amma babu wuri. Wata tsohuwa ma daga bayan katanga ta ɗaga murya ta ce, "Malam tela, ai ka riga ka fara, ka ƙarasa kwancin da kanka mana!" Matan gidan suka kwashe da dariya.

Hanyar komawa ta ƙofar shagona ta bi, kuma 'yan hira suna zaune. Ɗaya ya ce, "Allah ya sauke ka lafiya, yaushe ne sunan?" Raina ya ɓaci ƙwarai, amma na wuce abina, don in na tsaya faɗa ƙwai ne zai huce.

Maiɗakina ce ta ce a kira Yaya. Yaya ita ce babbar 'yar Inna, tana aure a wani ƙauye kan hanyar Zango, ni kuma auta. Ta goya ni, saboda haka har yau da furfurata ba ta ganin na iya komai. Na yi ta jan ƙafa, don na san bakinta. Maiɗakina ba ta jira ni ba, ta danna waya ta miƙo mini.

"Kai auta, yanzu a kan ƙwai tara kake ta da hankalin gari?"

"Yaya, na Inna ne. Su kaɗai suka rage."

Sai ta ce akwai wata farar kaza da ta ishe ta, ƙwai ba ta yi, sai kwanci a kan ƙwallon mangwaro. Ta tsoma ta a ruwa har ta gaji, ta ƙi dainawa, ranar kasuwa ma za a kai ta. "In za ka zo ka zo. In sun mutu a hanya kada ka ce ni ce."

Na tare ɗan acaɓa na ce masa tafiyar amarya za mu yi, duk ramin da ya faɗa da ni sai mun yi shari'a. Bawan Allah ya dubi cikina ya dubi fuskata, ya tayar da babur. Muka bar kwalta muka shiga burji tsakanin gonakin gero, hannuna ɗaya a kafaɗarsa, ɗaya a kan ƙwarya, yayyafi na dukan bayana.

Yaya ko gaisuwa ba ta bari mun gama ba. Ta zuba ruwan ɗumi a tasa, ta riƙa saka ƙwan ɗaya bayan ɗaya. Muka tsuguna muna kallo. Na farko ya taso ya tsaya cik. Can sai ya motsa da kansa, ya ɗan girgiza ruwan, alamar tsakon ciki na da rai. Bakwai suka motsa, biyu suka ƙi. Ta tsane su da gefen zaninta.

Farar kazar na kwance a wata fasasshiyar tukunya a gindin rumbu, doguwa, ramammiya, idonta ja. Sai da rana ta yi ƙasa na sa hannu na zare ƙwallon mangwaron ina maye gurbinsa da ƙwai. Ta kai mini sara a bayan hannu har jini ya fito. Wallahi daɗi na ji, don kazar da ta sare ka a kan ƙwai ba za ta tashi ta bar shi ba. Ta sa baki ta jawo su ƙarƙashinta, ta gyara zama.

"To, ka san ƙa'ida," in ji Yaya. "Mai kaza tana da tsako ɗaya ranar yaye. Kuma ni zan zaɓa, ba kai ba."

Na ce na yarda. A lokacin ko rabi ta ce zan yarda.

Biyar suka fito. Daga nan duk Juma'a in an sauko masallaci ƙauyen nake nufa da ƙullin tsaki da dusa. Na kifa tukunya da kashin shanu da karmami a bayan gida don ta tara musu gara. Na shafa musu shuni a baya saboda shirwa. Na hana a sake su da sassafe, don raɓar ciyawa tana jiƙa cikin ɗan durgu ta kashe shi. Yaya tana daka tana harara ta, tana cewa ko 'ya'yan cikina ban yi wa haka ba.

Da suka fara fiffike bambanci ya fito. Uku suka miƙe dogaye, biyu suka tsaya a ƙasa. Farar kazar takan yi gaba da dogon takunta, ta waiwayo ta ga biyun nan suna ta mirginowa a baya, sai ta dawo ta yi tono a gabansu tana kira. Ba a jima ba ɗaya daga cikin gajerun ya fitar da jan zanko, ya tabbata zakara ne. Mace durgu guda ɗaya ce ke nan, wata 'yar baƙa mai ɗigon fari a wuya. Kuma na lura Yaya tana ware mata tsaki a gefe in ta ɗauka ba na kallo. Abin ya tsaya mini a rai. Alkawari na yi, kuma ita ma 'yar Inna ce, ta ma fi ni daɗewa da ita. In ta ɗauka ba ni da bakin magana.

Ranar da farar kazar ta fara korarsu da sara, Yaya ta aiko in zo da kwando. Na watsa tsaki suka taru. Ta ajiye taɓarya, ta goge hannu, ta sunkuya, kai tsaye ta cafko 'yar baƙar. Na sunkuyar da kai ina gyara igiyar kwando wadda ba abin da ya same ta.

Ta daɗe riƙe da ita. Ta buɗa fiffikenta, ta shafa 'yan ƙafafun da babban yatsa, ta hura gashin ƙirjinta ta duba fata. Sannan ta ɗaga murfin kwandona ta saka ta a ciki, ta juya ta damƙo wani dogon ɗan zakara ta ƙafa.

"Wannan nake so, ya fi nama."

"Yaya, ai ke ce da zaɓi."

"Na zaɓa ai. Ni ma an ba ni uku a kajin Inna, damina biyu suka yi suka ƙare a hannuna." Ta ɗaure bakin kwandon da kanta, ta ja igiyar sosai. "Kai ka iya, auta. Tashi ka tafi kafin hadarin nan ya sauko."

Shekarata hamsin da ɗoriya a lokacin, kuma ranar ce ta farko da Yaya ta ce na iya wani abu.