Umara Mai Tafi, Mutumin da Ya Ajiye Amsawar Kogi

Da an idar da sallar asuba a Haɗeja, kowa ya san inda zai nufa. Manoman shinkafa su yi fadama, masunta su yi bakin kogi, masu shayi su hura wuta. Shi kuwa Umara sai ya ɗaure jakarsa a bayan babur, a ciki akwai makirfo da 'yar na'urar ɗaukar sauti da katakai biyu masu faɗin tafin hannu, ya fita neman wurin da zai yi tafi.

Eh, tafi na ce. Sai ya shiga kangon wani tsohon gida, ko ƙarƙashin gada, ko ya leƙa cikin rumbun da aka kwashe, ya kafa makirfo, ya ɗaga hannu alamar kowa ya yi shiru. Sannan ya haɗa katakan nan, tas! Ya tsaya ya kasa kunne, yana murmushi shi kaɗai. Shekara goma sha biyar ke nan yana haka. Tun ana cewa “Allah ya ba shi lafiya” har aka gaji, aka laƙaba masa Mai Tafi, aka ƙyale shi.

Ga wanda bai san shi ba, Umara mai haɗa sauti ne. Yana da situdiyo mai ɗaki biyu a bayan kasuwa, inda yake bini tun ƙarfe tara har la'asar sakaliya. Mawaƙan biki, masu bege, masu tallan maganin gargajiya, duk ta hannunsa suke bi. In waƙa ta yi daɗi a yabi mawaƙi, in ta ɓaci a ce mai haɗawa ne bai iya ba. Shekara ashirin yana wannan aiki bana, kuma ban taɓa jin an ambaci sunansa a rediyo ba. Abin yana ci mini rai, shi ya sa na ɗauki alƙalami.

A cikin manhajar da ake haɗa waƙa a kwamfuta, akwai ƙananan manhajoji da ake jonawa, 'yan sana'ar suna ce musu fulogin. Wanda ya tafi da imanin Umara shi ne mai suna ribab, wato mai sa murya ta yi amo kamar a cikin wani wuri aka rera ta. Yawancin abokan sana'arsa abin da Bature ya zuba a ciki suke zaɓa, babban ɗakin taro ko kogon dutse, su kwarara wa mawaƙi har ka rantse a rijiya ya faɗa. Umara ba ya haka. Ya gano wani fulogin da in ka ba shi ƙarar tafi guda da aka ɗauka a wani wuri, zai kwaikwayi yadda wurin yake amsawa, ya ɗora wa kowace murya. To, sirrin yawon asubar ke nan. Wurare yake tarawa, kowanne da sunansa da ranar da aka ɗauke shi.

Sunan abin ma ya taɓa jawo masa. Kawunsa Malam Bala, malamin zaure ne mai tsananin tsantseni, ya ji a gari ana cewa Umara ba ya sakin waƙa sai ya ɗora mata riba. Ai kuwa sai ga shi da hantsi, ko gaisuwa bai amsa da kyau ba.

“Umara, gidanmu gidan karatu ne. Riba kuma? Har a kan waƙa?”

“Allah ya gafarta Malam, ribab ne, ba riba ba. Kawu, zo ka yi sallama a nan ka ji.”

Da ƙyar Malam ya yarda aka sa masa abin sauraro a kunne. Ya matso kusa da makirfo ya ce, “Salamu alaikum.” Sai ya kasa kunne. Ya sake maimaitawa a hankali.

“Kai! Wannan ai zauren Baffa ne!”

Zauren mahaifin Malam ne kuwa, mai dogon rufin ɗaurin guga, wanda ambaliya ta rusa shekara huɗu kafin nan. Umara ya tafa a cikinsa tun zauren yana tsaye. Ranar Malam Bala sallama ya yi ta yi, ya fi sau goma, yana dariya yana share ido da bakin rawani.

Amma aikin da ya sa na ce wannan bawan Allah ya cancanci jinjina shi ne na 'Yar'azumi. Dattijuwa ce daga Auyo, mai waƙar yankan shinkafa, wadda ta gada wurin mahaifiyarta. Fiye da shekara arba'in tana ba mata masu aikin shinkafa waƙa a bakin wata mashaya da suke kira Mashayar Tsamiya, ba a taɓa ɗaukar muryarta ba. Bara 'yarta Jannatu ta kawo ta wurin Umara a adaidaita, hankalinta a tashe. Likita ya ce sai an yi wa tsohuwar aiki a maƙogwaro, saura kwana biyu su tafi Kano, kuma ya faɗa musu gaskiya cewa muryar waƙa da wuya ta dawo. In ba a ɗauka yanzu ba, shi ke nan.

Umara ya shigar da ita ɗakin ɗauka, wanda aka lulluɓe bangonsa da soso don kada ƙara ta dawo. Ta buɗe baki, ta ja baiti ɗaya, ta tsaya. Ta sake ja, ta sake tsayawa. Sai ta jawo mayafinta.

“Ɗan nan, ɗakinka kurma ne. Ba ya amsawa.”

“Iya, ai haka ake so. Ki rera kawai, daga baya zan gyara.”

“Daga baya? Ni da wa zan yi waƙar? Ni nake bayarwa, gaɓa ta amsa, sannan in ci gaba. In ba ta amsa ba, ta ina zan san inda zan kama?”

Sai a nan Umara ya gane. Ashe waƙar ta mutum biyu ce. A tsallaken mashayar akwai doguwar gaɓa, ita ke dawo da kalmar ƙarshe ta kowane baiti, kuma a kan dawowar nan 'Yar'azumi take ɗora na gaba. Ya ce to a tashi a tafi Auyo a ɗauka a can. Jannatu ta girgiza kai.

“Yaya Umara, wace mashayar? Ciyawar kacala ta cinye ta. Ko kwalekwale ba ya ratsawa. In ka yi ihu yanzu, ciyawar ce take haɗiyewa.”

Ya fara gwada na Bature, ko za a dace. Ya sa mata babban ɗakin taro, ta ce wannan tasha ce. Ya sa kogon dutse, ta ce ita ba aljana ba ce. Muryar kuma ta soma dushewa, don ba ta jure doguwar magana. Jannatu ta fara haɗa kayansu. Umara ya ji zuciyarsa ta karye, don ya san in suka fita ƙofar nan, waƙar ta fita ke nan.

Yana dafe da kai sai sunan ya faɗo masa. Tsamiya! Ya zabura har kujera ta kife. Ya shiga tonon tsofaffin ajiyarsa, yana gungurawa yana salati. Ga shi nan: Auyo, Mashayar Tsamiya. Shekara goma sha ɗaya da suka wuce wani masunci mai suna Inuwa ya taɓa kai shi a kwalekwale, yana tuƙi yana tambayarsa ko an kai shi wurin masu ruƙiyya.

Ya ɗora, ya sa mata abin sauraro. “Iya, ki yi kira.”

Ta ce, “Ayye!” Ta karkata kai. Idonta ya buɗe.

“Ita ce! Wallahi ita ce! Amma wannan rani ne, ɗan nan. Ruwa ya ja, amsar a bushe take. Waƙata ta kaka ce.”

Jama'a, ku ji kunne! Umara ya duba ranar, watan Maris. Ya yi kabbara, domin sau uku ya je wurin, kuma zuwa na biyu a kaka ne. Ya sauya. Ta sake kira, ta ce yauwa, sai dai gaɓar tana garaje, tana katse ta.

“A bakin ruwa ka tsaya, ko? Mu a kan tudu muke tsayawa, wajen masussuka.”

Ya kama maɓallin da ke jinkirta amsa, yana murzawa kaɗan-kaɗan, tana cewa, “Ja baya. Ƙara ja. Ka wuce, dawo. Tsaya nan!” Sai ta gyara tsayuwa, ta ɗora hannu a ƙugu, ta ba da waƙa.

“Ruwa ya ba mu, mata ku sunkuya.”

Gaɓa ta ce, “Sunkuya.”

Daga nan ba ta sake tsayawa ba. Minti goma sha tara cur, baiti na bin baiti, har da waɗanda Jannatu ta ce tun tana goye ba ta ƙara jin su ba. Jannatu tana kuka tana rangaɗa guɗa a ɗaya ɗakin, Umara yana yi mata alama da hannu ta sassauta, shi ma hawayen ne a fuskarsa. Da aka gama, tsohuwar ta cire abin kunnen ta juya shi tana dubawa, ta ce, “A gaishe ki, mashaya. Ashe kina nan.”

An yi aikin lafiya, alhamdu lillahi. 'Yar'azumi tana nan da ranta, tana magana ƙasa-ƙasa, amma waƙa kam ta tafi, kamar yadda likita ya faɗa. Sai dai da kakar bana na je Auyo da ƙafata. A kan tudun nan, daura da dajin kacala, mata suna sussuka, an rataye 'yar lasifika a reshen tsamiya. Muryar tana tashi, gaɓar da ta daina amsawa tana amsawa, ita kuma tana zaune a tabarma tana kaɗa kai, tana gyara wa matan amshi da yatsa.

Kai ne, Umara, ka yarda aka yi maka kallon mai taɓin hankali shekara da shekaru, ba ka tsaya yi wa kowa bayani ba. Kai ne ka gane cewa wuri ma yana da murya, kuma yana iya rasa ta kamar mutum. Na'urar da ke hannunka tana hannun dubbai, amma kai ka ɗauke ta ka kai ta fadama. Mai Tafi, ɗan gidan malamai, sannu da aiki! Mun gode, Haɗeja ta gode, Auyo ta gode. Allah ya ƙara wa kunnenka lafiya, ya saka maka da mafificin alheri.

Ku kuma matasan situdiyo, daga Kafin Hausa har cikin gari, kafin ku danna abin da aka zubo muku daga waje, ku fita ku ji yadda zauren gidanku yake amsa sallama. Ku ɗauka ku ajiye tun yana tsaye.

Sauran jama'a, roƙona gare ku ƙarami ne. Gobe da safe in kun ga wani mutum ya kafa makirfo a kango ko a bakin ruwa, ya ɗaga katakai biyu, kada ku yi masa dariya, kada ma ku yi masa sannu. Ku kashe babur, ku yi shiru na daƙiƙa biyar, wurin yana so ya yi magana.