Ranar da na hana kwamfuta jira

Mu shida ke noman tumatir a fadamar ƙauyenmu, kusa da Maƙarfi, injin ban-ruwa ɗaya, rijiya ɗaya. Kafin la'asar rijiyar takan ja baya, na ƙarshe laka yake tararwa. Saboda haka duk ranar shayarwa akan zuba guntayen kara a hula, a girgiza, kowa ya zari nasa, a san wa zai fara, wa zai biyo. Yau kai ne ƙarshe, gobe wani.

Da na dawo daga koyon kwamfuta a Zariya, kaina ya kumbura, na ce wannan ƙauyanci ne. Na kawo wata tsohuwar kwamfuta, na rubuta mata shirin fitar da ƙuri'a.

An koya mana cewa kwamfuta ba ta iya cankar lamba da kanta. Idan an kunna ta, sai ta tara abubuwan da ba mai iya hasashensu, kamar tazarar da ke tsakanin danna wannan maɓalli da wancan. Kafin su ishe ta, ko za ka mutu ba za ta ba ka lamba ba. Girgiza hularta ke nan.

Ranar farko ta tsaya cak. Dattawa biyar sun zuba mini ido. Wani ya ce, "Malam, ko sai an dama mata koko?" Aka yi dariya. Na san haƙurin 'yan mintoci kawai take so, amma girman kai ya hana ni. Na gyara shirin, na ce ta daina jira, ta ɗauki lambar farawa daga kwanan watan agogonta. Nan take sunaye suka jeru, Baffa, wan mahaifina, a ƙarshe.

Batirin agogon ya daɗe da mutuwa, ban duba ba. Duk kunnawa kwanan wata ɗaya take komawa, jeri ɗaya take fitarwa. Sau huɗu Baffa yana tarar da laka. Da aka fara gunaguni, har tsawa na yi, wai inji bai san fuskar kowa ba.

A karo na biyar na gano. Na mayar da shirin yadda yake, ban gaya wa kowa ba. Kafin nan furen tumatirin Baffa ya zube.

Na same shi a gona yana tuge busassun shukokinsa, na durƙusa na gaishe shi, da niyyar in faɗi gaskiya. Ya riga ni magana.

"Kada ka damu, ɗana. Rabo ne. Abin da Allah bai ba mutum ba, hula ko inji ba mai ba shi."

Kunya ta rufe ni. Na buɗe baki, na ji kaina ina cewa, "Haka ne, Baffa."

Har yau ban gaya masa ba.