Saniyar da Ba Ta Dawo Shan Ruwa Ba

Mun tashi daga unguwar Mu'aither, a nan Katar, da asubar Juma'a, ni da abokin zamana. Shi direba ne a gidan wani dattijo ɗan ƙasar nan, ni kuwa gadi nake yi, ko da yake lafiyar dabbobi na karanta a jami'a. Ruwa ya sauka a makonnin baya, ciyawa ta fito a arewa, aka saki shanun dattijon su yi kiwo a fili. Duk suna komawa gona shan ruwa, ban da wata mai tsohon ciki da aka kwana biyu ba a gani ba. Da aka ce in zo in duba, sai da na tambaya sau biyu ko akwai izinin kiwo a wurin. Amma gaskiya murna ta cika ni, don rabona da taɓa saniya tun ina gida.

A bakin hanya muka sha shayin karak, riyal ɗaya kofi, da gurasar capati mai ƙwai. Titin arewa shimfiɗe yake, ba rami ba shinge, sai kyamarori. Duk wadda na hango sai in tuna wa abokina ya rage gudu, har ya ce in na ƙara magana a bayan mota zan ƙarasa, tare da jarkokin ruwa.

Da muka sauka daga kwalta na ga abin da ban zata ba. Kore a Katar! Akwai kwaruruka da ruwa ke kwanciya, rauda suke ce musu, ga ciyawa ga itatuwan kurna irin na bayan garinmu. Ba a shiga cikinsu da mota, saboda haka muka ajiye ta muka taka. Abin da ya tsinka mini zuciya ledoji ne da masu shan iska suka bari. Saniya mai yunwa takan haɗiye su, kuma ba kasafai ake gane ba sai lokaci ya ƙure. Ina tafe ina tsincewa.

Na daɗe ina baza ido ina neman fararen shanu masu dogon ƙaho irin na gida, ban ga komai ba.

"Likita, me kake nema can nesa?" in ji abokina. "Ka wuce huɗu yanzu."

Ashe waɗanda na ɗauka jakuna ne su ne shanun: ƙanana, jajaye, ƙahon bai fi yatsa ba. Na bi su ɗaya-ɗaya. Hancinsu da damshi, suna tuƙa, kashinsu daidai. A iya ganina dai lafiyarsu lau.

Ita kuwa sai da hantsi ya ɗaga muka same ta, ƙarƙashin wata kurna a can ƙarshen kwari. Ta haihu! Ɗan maraƙin na kwance a inuwa, ita tana tsaye a kansa, ido ya faɗa, ciki ya lotsa. Ina jin ƙin barinsa ta yi, shi kuma ba zai iya tafiyar ba, ƙishirwa tana cin ta. Muka koma muka kinkimo jarka da baho. Kaɗan-kaɗan na riƙa zuba mata, abokina na cewa rowa nake yi da ruwan mutane.

Saura in tabbatar babu leda a cikinta, amma da na matso sai ta sunkuyar da kai. Nan na tuna da kanwar da mahaifiyata ta aiko mini don girki, na ƙullo 'yar ragowarta a aljihu ban ma gaya wa kowa ba, kada a yi mini dariya. Ban sani ba ko saniyar Larabawa ta san kanwa. Na miƙa tafin hannu. Ta shinshina, ta lasa, ta ƙara lasa. Na lallaɓa na kafa kunne a gefenta na hagu. Da farko ban ji komai ba. Can sai na ji tumbin ya juya, gurrr, kamar hadari daga nesa. Ba zan rantse babu komai a ciki ba, amma yana aiki. Ɗan ma ya miƙe yana tangaɗi ya kama nono.

Abokina ya kira dattijon ya nuna masa ta waya. Abin da na tsinta a maganarsa shi ne "Masha Allah" da "yalla", wato mu taho. Na rungumi maraƙin muka nufi gona a ƙasa, uwar na bina tana huci a ƙeyata, abokina na zagayowa da mota. A gona muka ci shinkafar majbus da hannu, har ƙari na yi.

Bayan la'asar muka iso Mu'aither. Tafiyar ta koya mini cewa karatun nan bai tsere daga hannuna ba, kuma yawan dubawar da ake yi mini tsiya a kai tana da ranarta. Abokina ya ce rigata na warin garke, in fitar da ita waje. Na rataye ta a kan gadona. Miyar wannan makon kuwa ba kanwa za a yi ta.